Littafin da aka shirya ko littafin gida: wanne ya fi dacewa da wasan karanta zuciya?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan wasan nan da ake ba mutum littafi ya zaɓi kalma a ɓoye, mai rufa-ido kuma ya faɗe ta kamar ya leƙa zuciyarsa, kana son sanin ko ka sayi littafin da aka shirya musamman, ko ka yi da wanda ka tarar, tunda a taron 'yan'uwa a Jidda za ka gwada.

Littafin da aka shirya, dabararsa tana cikin rubutunsa. A wani nau'insa an tsara labarin ta yadda dogayen kalmomin kowane shafi ba su wuce wani ɗan jeri da mai wasa ya haddace ba, kowace da harafin da take farawa da shi, saboda haka da mutum ya ambaci harafin farko, magana ta ƙare. Ƙarfinsa shi ne mai kallo ke buɗe shafin da ya ga dama. Sai dai yana da tsada, akasari da Turanci ake buga shi, kuma a majalisar da yawanci Larabci da Hausa ake karantawa, ka zaro littafin Turanci daga jakarka ma abin zargi ne.

Littafin gida kuwa babu wata dabara a cikinsa, aikin duka shi ne ka kai mutum shafin da ka riga ka duba. Sananniyar hanya ita ce lissafin 1089: ya rubuta lamba mai alƙaluma uku wadda na farko ya ɗara na ƙarshe da aƙalla biyu, misali 732, ya juya ta 237, ya ɗebe ƙaramar daga babbar ya sami 495, ya haɗa da juyinta 594. Amsar kullum 1089 ce, wato shafi na 108, kalma ta 9. Aibinta ba a maimaita ta, lissafin yana rage armashi, kuma ɗalibai da yawa sun san ta. Wadda ta fi ta ita ce ta David Hoy, ɗan Amurka: da littattafai biyu ake yin ta, mutum na riƙe da ɗaya, kai kana karkaɗa shafukan na biyun har ya ce ka tsaya, sai ka ambaci lambar shafin da ka haddace a littafin da ke hannunsa, ba wadda idonka ya gani ba. Ba ta buƙatar komai sai dakiya da sakin fuska.

A ganina littafin gida ya fi maka, musamman idan mai gidan ne ya ɗauko shi da hannunsa. Amma kada ya kasance Alƙur'ani ko littafin hadisi. Sannan, ko da yake wasannin nishaɗi sun yawaita tun da gwamnatin Saudiyya ta kafa hukumar nishaɗi a 2016, sihiri da bokanci laifi ne da kotu ke hukuntawa a Saudiyya, don haka ka faɗa wa jama'a tun farko cewa dabara ce da hadda, ba sanin gaibu ba.