Kwale-kwalen kallon dawakan daji a tsibirin Assateague

Duk mai son hoton dawakan Assateague, tsibirin da ke gaɓar gabashin Amurka tsakanin jihohin Maryland da Virginia, shawarata ya bar mota ya biya kuɗin kwale-kwale daga garin Chincoteague. A ɓangaren Virginia garken na cikin shinge, daga titi sau da yawa sai dai ka hango su can nesa. Ta ruwa kuwa, har gefen fadamar da suke kiwo ake kai ka.

Na shiga na asuba, kuma matuƙin ya burge ni. Da muka kusa sai ya kashe inji, ya juya jirgin rana ta koma bayanmu, ba tare da kowa ya roƙa ba. Nan na samu wata goɗiya da duƙushinta, gezarta a jiƙe, balbela na biye da ita. Tumbinsu ya kumbura. Ciyawar gishiri suke ci, sai su yi ta shan ruwa.

Inda ban ji daɗi ba, kowa ya miƙe tsaye, jirgin sai ya yi tangaɗi, hotuna da dama suka lalace. Ka zo da kyamara mai jawo nesa kusa, da maganin sauro. Kamun wuri a ƙarshen Yuli, lokacin bikin shekara-shekara da ake kora dawakan su yi ninƙaya zuwa Chincoteague, sai an yi da wuri.