Inshorar lafiya ko biya daga aljihu?

Abokan aiki a Wuse da ke Abuja sun dame ni da wannan tambaya tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026.

Gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa ana fitar da ita daga albashi kafin a lissafa haraji, kamar ta fansho. Kuɗin da ka zaro ka biya asibiti kuwa babu rangwamen haraji a kansa. Amma fa inshora akwai jiran layi, kuma ba kowane magani take ɗauka ba. Aljihu ya fi sauri, har ranar da babban ciwo zai cinye jari.

Ma'aikaci mai iyali, inshora ta fi masa. Mai hali da ke son zaɓen likitansa, aljihunsa ya ishe shi.