Lissafin ƙarfin fashewa a kan gini: jadawali ko manhaja?

Injiniya, ka ce an ba ka zanen ofis mai hawa biyu kusa da wurin ɗura gas, kana tambaya ko ka yi lissafin bugun fashewa da jadawalin Kingery-Bulmash ko dole sai ka nemi manhaja irin su LS-DYNA da Autodyn. To bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Jadawalin nan ya fito ne a 1984 daga gwaje-gwajen gaske na TNT, wato wani sinadarin fashewa mai ƙarfi, kuma shi ne a cikin kundin sojan Amurka UFC 3-340-02. Abu biyu kawai yake nema, nauyin abin fashewa da tazara. Ka raba tazarar da lambar da in ka ninka ta a kanta sau uku za ta ba ka nauyin, misali kilo 1000 lambarsa 10 ce, to a mita 100 amsar rabon, wadda ake kira Z, 10 kenan, da ita za ka duba jadawalin, matsin da zai iso kusan kilopaskal 15 (ma'aunin matsi ke nan), amma bangon da ke fuskantar wurin zai sha kusan 30 saboda iskar tana dukansa ta dawo. Nan ɗalibai da yawa ke zamewa, su ɗauki na farkon su yi zane da shi. Kuma lura, sai an ninka abin fashewa sau 8 kafin ya yi irin wannan duka a mita 200. Duk wannan da biro da kalkuleta ka gama kafin la'asar.

Matsalarsa ɗaya, yana ɗauka fili ne fetal tsakaninka da fashewar, ba katanga ba lungu ba bene. Ita manhaja nan take da baki, don tana bin iskar yadda take karo da gini, ta kewaya ta baya, ta matsu a cikin siririn layi ta ƙara ƙarfi. Dubi Beirut ranar 4 ga Agusta 2020, tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret ya tashi a tashar jiragen ruwa, rumbunan hatsin da ke gefe suka tare wani ɓangare na bugun, irin wannan kariyar jadawali bai san da ita ba. Sai dai lasisinta tsada, tana cin kwamfuta, kuma in ka yanka raga da faɗi, wato ƙananan gidajen da take raba wurin a ciki don yin lissafi suka yi girma, za ta ba ka matsin da bai kai na gaske ba, ga hoto mai kala-kala kamar gaskiya. Shi ya sa ƙwararru ma sai sun gwada ta da jadawalin a fili kafin su yarda da ita.

Amma fa abin da ya fi damuna a tambayarka, gas ba TNT ba ne. TNT dukan farat ɗaya yake, gas kuwa yoyo yake ya taru ya zama gajimare, matsinsa bai kai ba amma yana daɗewa yana turawa, kuma ƙarfinsa ya danganta da cunkoson bututu da tankuna da motoci a wurin. Don haka mayar da tankin gas zuwa kilo kaza na TNT yana zuzuta abin a kusa, ya raina shi a nesa. Hanyar da ta dace da kai ita ce ta cibiyar bincike ta TNO ta ƙasar Holan ko ta Baker-Strehlow-Tang, su ma jadawali ne, da hannu ake yi.

Ni dai da su zan fara, in auna ginshiƙi da rufin kankare ɗaya bayan ɗaya, manhaja sai in wurin a cunkushe yake ko mai aikin ya biya. Sannan ka duba ɗaurin rodi a mahaɗa sosai, a dogon benen Ronan Point da ke Landan a 1968 gas ɗin kicin ne a hawa na 18 ya cire bango guda, kusurwar benen ta zube. Gilashin tagogin da ke kallon tanki ma ka rage su, shi ke fara yanka mutane tun kankare bai tsage ba.

Turo girman tankin da tazararsa da ofis ɗin mu duba tare, in akwai fili a matsa da ginin baya ma ya fi ƙara siminti sauƙi.