Makonni Shida a Ajin Gyaran Tunani: Sharhi Kan Wata Bitar Neman Arziki a Kano

A ƙarshen shekarar 2024 na biya naira dubu 25 na shiga wata bita da wata cibiyar horaswa mai zaman kanta take shiryawa a Kano, wadda takardar tallarta ta ce za ta gyara wa mutum tunani domin ya gina dukiyar kansa. Ana zama kowace Asabar daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar har tsawon makonni shida, kuma mu kimanin talatin ne a ajin, cikinmu da teloli, da yaran shago daga Kantin Kwari, da matan aure masu sana'ar cikin gida, da ma'aikatan gwamnati irina. Ni malamin makaranta ne, ina kuma da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida. Da gangan na jinkirta wannan sharhi har aka kwashe watanni, domin duk wanda ya fito daga irin wannan taro yakan fito da zumuɗi, ni kuwa so nake in ga abin da zai saura bayan zumuɗin ya kwanta.

Malamai biyu ne suka raba darussan a tsakaninsu, kuma hukuncina a kan bitar ya rabu kamar yadda suka raba ta. Ta farko wata dattijuwa ce da ta yi aikin banki kafin ta yi ritaya, kuma darussanta uku kaɗai sun biya kuɗin da na kashe. Ranar farko ba ta fara da maganar kuɗi ba, sai ta ce kowa ya faɗi karin maganar da ya fi ji a gidansu game da arziki. Wani ya ce zafin nema ba ya kawo samu, wata ta ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ba ta ƙaryata ko ɗaya ba, amma ta tambaye mu a wane lokaci muke tuna su: kafin mu fita nema, ko bayan mun yi iya ƙoƙarinmu abin bai yiwu ba? Bayaninta shi ne magabata sun yi waɗannan maganganu ne domin lallashin wanda ya nema bai samu ba, mu kuma muka mayar da su hujjar ƙin tashi. Ta kawo hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara. Duk wanda ke ajin ya san wannan hadisi tun yana yaro, amma ban taɓa jin an ɗora shi a kan aljihun mutum da akwatin cinikinsa ba sai ranar.

Igiyar da ta ba mu ta ɗaure raƙumin kuwa littafin rubutu ne na 'yan makaranta. Ta ce kowa ya rubuta duk kwabon da ya shigo hannunsa da duk wanda ya fita har kwana talatin, ba tare da ya yi ƙoƙarin rage komai ba tukuna, domin mutum ba ya gyara abin da bai gani ba. Na ɗauki aikin da raini, amma a mako na biyu na fara jin kunyar littafina. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa albashi ne ya yi kaɗan kuma shago ba ya ciniki, alhali shagon yana ciniki daidai gwargwado, ni ne nake cin uwar kuɗin da hannuna. Sukari da madara da sabulun da ake ɗauka a shiga da su cikin gida ba a taɓa rubuta su ba, bashin da maƙwabta suke karɓa a ka kawai nake riƙe shi, kuɗin kati da na data kuma daga akwatin ciniki suke fita kullum. Dokar da ta kafa mana mai sauƙi ce a baki: shago mutum ne mai zaman kansa, mai shago ma'aikacinsa ne da ke ɗaukar albashi sau ɗaya a wata, kuma ko ƙwayar ashana aka kai cikin gida sai an biya. Uwargidana ta yi dariya ranar da na ce ta kawo kuɗin magi, amma yanzu ita ce take tuna mini idan na manta ban rubuta ba.

Abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne yadda ta ɗauki maganar dangi. Wani matashi ya ce mata: "Hajiya, ni fa matsalata 'yan uwa ce, da zarar an ji ka samu sai buƙatu su taso." Ba ta ce ya yanke zumunci ba, ba ta kuma ce ya ɓoye samunsa ba. Ta ce ya ware wa zumunci kasonsa tun farkon wata kamar yadda yake ware kuɗin haya, ya bayar da shi da sakin fuska, idan ya ƙare kuma ya faɗi gaskiya cewa na wannan watan ya ƙare. Ta tuna mana cewa zakkar kuɗi ma kanta tana da ƙa'ida, kashi biyu da rabi cikin ɗari bayan dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara, saboda haka sanya wa kyauta iyaka ba rowa ba ce.

Malami na biyu matashi ne mai kwat da zaƙin baki, kuma a hannunsa ne bitar ta yi rauni. Ya sa mu miƙe tsaye muna maimaita cewa mu attajirai ne, ya ce kowa ya manna hoton motar da yake so a bangon ɗakinsa, ya riƙa yi wa kansa magana a gaban madubi kowace safiya. Wataƙila wannan yana yi wa wasu amfani, amma dattawan ajin sun yi shi ne suna kallon ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne misalin da ya riƙa maimaitawa, cewa Aliko Ɗangote da tunani kawai ya fara. A Kano ake wannan magana, garin da kowa ya san mahaifiyar Aliko 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce, kuma shi tattaɓa-kunne ne ga Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya shahara a cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Aliko ya fara kasuwancinsa a 1977 da rancen jari daga danginsa. Wannan bai rage masa komai daga ƙwazonsa ba, amma ɓoye shi yana sa yaron shago ya ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsa ne da bai zama attajiri ba. Da malamin ya ba da labarin Alhassan ɗin kansa, wanda aka san shi da tsantseni wajen kashe kuɗi da tsare lissafi, har ake ba da labarin ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin lokacin da aka buɗe banki a Kano a 1929, da darasin ya fi zama a zukatanmu.

Haka kuma ya ce talauci a cikin kai yake, ba a aljihu ba. Wata tela da ke zaune a gabana ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, to zaren da nake saya da kuɗin man janareta su ma a cikin kaina suka yi tsada?" Ajin ya fashe da dariya, shi kuma ya wuce ba tare da amsa mai gamsarwa ba. Gaskiya tana wajenta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, komai ya tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, a daidai lokacin da muke zaune a wannan aji. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira dubu 70 aka mayar da shi a Yulin 2024. A irin wannan hali, wanda ya cusa kuɗinsa a asusu ko ƙarƙashin katifa ya bar su shekara guda zai tarar sun rame ko da bai taɓa su ba, kuma kyakkyawan zato ba ya hana wannan ramewa. Bitar da ke koyar da gina dukiya ya kamata ta tsaya a nan ta daɗe, amma zama ɗaya tak aka ba maganar inda za a ajiye abin da aka tara.

Wannan zama ɗayan ma Hajiya ce ta yi shi, kuma cikin gaggawa. Ta ambaci bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, wato Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. Ta yi bayanin Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, kuma mai naira dubu 10 ma yana iya shiga. Ba ta raina adashe ba, sai dai ta ce amfaninsa yana ga abin da mutum ya yi da kwasarsa: wanda ya zuba ta a kayan shago ko tumakin kiwo ya ƙaru, wanda ya kashe ta a anko ya yi zubin banza. Sannan ta ja kunnenmu game da masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta tuna mana yadda MMM, wata ƙungiyar ninka kuɗi ta intanet, ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, ta ce kafin mutum ya miƙa wa kowane kamfani kuɗinsa ya bincika ko yana da rajista da hukumar da ke kula da harkar zuba jari. Na tuna da ita a Afrilun 2025 da labarin rushewar CBEX, wani dandalin intanet mai irin wannan alkawari, ya cika gari.

Ɗakin taron yana da tsabta, ana fara darasi a kan lokaci, an kuma raba wa mata nasu ɓangaren zama. Sai dai takardun da aka raba mana duk da Turanci aka rubuta su alhali da Hausa ake koyarwa, wanda ya sa da yawa daga cikin matan suka naɗe su suka jefa a jaka.

Ga mai ƙaramar sana'a da bai taɓa raba kuɗin shago da na cefane ba, zan ce ya shiga, ya riƙe darussan lissafi da kyau, ya yi haƙuri da na madubi. Wanda kuwa ya riga ya saba rubuta shiga da fita ba zai samu sabon abin da ya kai dubu 25 ba, gara ya ƙara su a jarinsa. An ba mu takardar shaida mai zanen zinariya ranar ƙarshe, ban ma san inda na ajiye tawa ba, amma littafin lissafin shago yanzu ina kan na huɗu.