McIntosh MC275: amfilifaya mai kwalba a gidan Kumasi

Tun 1961 kamfanin McIntosh na Amurka ya fito da MC275, amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai aiki da kwalaben lantarki na gilashi, har yau ana ƙera ta. Manyan kwalabe huɗu ne, samfurin KT88, kowane ɓangare (sifikar hagu da ta dama) wat 75, nauyinta kusan kilo 30. Sautinta akwai taushi: muryar mawaƙi da amon kalangu suna fitowa da kauri, ba sa soke kunne.

Sai dai wutarmu. Ghana volt 230 ce, ta Amurka 120. Wanda ɗan'uwa zai aiko masa ya duba rubutun bayanta tukuna ya ga volt nawa take ɗauka, in ba haka ba taransifoma ta ƙone. Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ma abokin gaba ne. In an ɗauke wuta a kashe ta, don dawowar wutar bagatatan alhali kwalabe na da zafi yana rage musu kwana. Sitabilaiza wajibi ce.

Kada a kunna ta ba sifika a haɗe, taransifomar sauti ce za ta sha wahala. A haɗa wayar a gurbin da ya yi daidai da lambar ohm da ke jikin sifikar: 4, 8 ko 16. Amfilifayar tana zafi sosai, a ajiye ta a sarari, ba cikin kabad ba, kuma ƙurar hunturu a goge bayan ta huce. KT88 da wuya a same su a kasuwar Adum ta Kumasi, a yi odar huɗu masu ƙarfi ɗaya tun da wuri.