Sun tsara mana hanya daga Sakkwato zuwa Kalaba, man jirgi ya gagare su

Mako uku ke nan da dawowarmu daga Kalaba, sai yau na ji zan iya zama in rubuta abin da ya gudana tsakanina da kamfanin nan da ke tsara wa masu ƙananan jirage tafiya. Ba zan kama sunansu ba. Mu 'yan harkar ba mu da yawa, kowa ya san su, kuma kun san abin da suke karɓa. Da a ranar da muka dawo na ɗauki waya na rubuta, da na faɗi maganar da zan zo ina nadama.

Ɗaurin aure ne ya kai mu. Ƙanen Kawuna, Allah ya ji ƙansa, ya yi shekaru yana fatauci a unguwar Bogobiri ta Kalaba, can ya rasu ya bar iyali. 'Yarsa za a aurar, Kawu ne waliyyi. Dattijo ne mai ciwon baya, ba zai iya zaman mota daga Sakkwato har bakin teku ba. Ni kuma ina da lasisin tuƙin jirgin sama tun zamanin da muka koya da jirgin Tampico a kwalejin horar da matuƙa jirgi ta Zariya, kuma abokina yana da hannu a wani ƙaramin jirgi, Cessna 172, mai kujera huɗu. Na ce wa Kawu ya kwantar da hankalinsa, ni zan kai shi da hannuna. Abokin nawa ya ce zai zauna a kujerar dama ya taimaka mini da rediyo da taswira. Sauran aikin, wato hanya da izini da rahoton yanayi da mai da wurin ajiye jirgi, muka damƙa wa kamfanin.

Gaskiya ɗaya ce, farkon aikinsu ya burge ni. Miƙaƙƙen layi daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja bai kai kilomita 500 ba, amma ta kan dazukan Zamfara da Birnin Gwari yake ratsawa. Tun watan Maris na 2021 da gwamnatin Buhari ta ayyana haramcin shawagi a sararin Zamfara, mai ƙaramin jirgi ba ya kama wannan layi kai tsaye sai ya bincika. Ko ba batun doka, injin ɗaya gare ni. In ya tsaya, ina zan sauka, kuma wa zan tarar a ƙasa? Tun ban buɗe baki ba suka zana mana hanya ta Jega, mu bi Yawuri, mu karya ta Kwantagora da Minna, sannan Abuja. Ta haura kilomita 600, amma akwai gari da titin mota a ƙarƙashinmu kusan ko'ina. Na ce lalle waɗannan sun san aikinsu.

Batun nauyi ma ba su yi mini kara ba, kuma na ji daɗin hakan. Cikakken tankin jirgin lita 200 ne, wato kusan kilo 144, abin da ya rage wa mutane da kaya bai wuce kilo 250 da 'yan kai ba. Mu uku, da jaka ɗaya ɗaya, magana ta ƙare. Kawu ya zo da rabin buhun albasa da shinkafa 'yar gida zai kai wa marayu, dole aka mayar Mabera, kilishi kawai muka ɗauka. Ranar Alhamis da muka so tashi, hazo ya rufe gari, daga bakin titin jirgi ba ka hango ƙarshensa. Tashi irin namu na gani da ido yana buƙatar a iya hangen kilomita 5. Wani matashi a ofishinsu ya kira ni tun da asuba ya karanta mini rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi, ya ce yallaɓai a haƙura sai gobe. Shi ya sake shigar da takardar shirin tashi, ya tuna mini cewa lokacin da ke jikinta agogon duniya ne na UTC, in ƙara awa ɗaya ya zama namu. Duron man da suka yi alkawarin kawowa Sakkwato ta mota kuwa ya riga mu isa fili, a rufe da hatiminsa.

Wannan duro na Sakkwato shi ya sa na saki jiki.

Juma'a da ƙarfe 7:30 muka tashi. Sama ta ɗan washe, mun ga ruwan Neja a Yawuri yana ƙyalli, Kawu ya manna goshi a gilashi yana tasbihi. Wajen 10:45 muka sauka Abuja da abin da bai kai lita 90 ba a tanki. Daga Abuja zuwa Kalaba kusan kilomita 460 ne, tafiyar awa biyu da rabi, jirgin kuma yana shan kimanin lita 35 a awa. Kowa ya yi lissafi. Za mu isa ne tanki a bushe, ba rarar ko minti goma, alhali ni ba na tashi sai da rarar awa guda. Don haka ne ma tun farko muka biya kuɗin duro na biyu a Abuja, kuma yana rubuce a takardar da suka turo mini.

Muna tsaye sai ga tankar mai ta nufo mu. Tun daga nesa gabana ya faɗi, don na hango baƙin tambarin Jet A-1 a jikinta. Direban tankar, Allah ya saka masa da alheri, yana sauka ya dubi rubutun da ke bakin tankin fiffike ya ce, "Yallaɓai, wannan jirgin ba irin man nan yake sha ba. Ni dai turo ni aka yi." Ko tiyo bai kwance ba.

Bari in yi wa wanda ba ya harkar bayani, don wasu da na ba labari sun ce ai man jirgi man jirgi ne. Ba haka ba ne. Jet A-1 dangin kananzir ne, shi manyan jirage ke sha, ana samunsa a kowane babban fili. Jirgi irin namu mai injin fistin da fulogi fetur na musamman yake sha, avgas 100LL, wanda ake rina shi shuɗi don kada a yi kuskure, tambarinsa kuma ja ne. A ƙasar nan wahalar samu gare shi. Abin tsoron shi ne, in an zuba kananzir a kan sauran man da ke tanki, injin zai tashi lafiya lau, don mai kyau ne a cikin bututu. Sai ka ba shi wuta ka bar ƙasa, gaurayen ya iso, injin ya fara bugu daga ciki, ya yi zafi, ya mutu a daidai lokacin da ba ka da tsayin da za ka juyo. Da dattijo a kujerar baya. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Na kira ofishinsu. Wanda ya ɗauka ba matashin nan ba ne, wani babba ne a cikinsu. Ya ce ma'aikacinsu na Abuja ya ɗauka jirginmu irin Diamond ɗin nan ne masu injin dizal da ke shan Jet A-1. To, kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne, duk da nau'in jirgin yana rubuce ɓaro-ɓaro a takardar da su da kansu suka cike. Na haɗiye. Na tambaye shi abu ɗaya: akwai duron ko babu? Ya ce, "Ranka ya daɗe, yana hanya, kafin a sauko Juma'a ya iso."

Muka je muka yi sallah muka dawo. Babu duro. Ƙarfe biyu na kira, yana hanya. Biyu da rabi, motar ta shigo gari, cunkoso ne. Na gaya masa dalla-dalla cewa in ban tashi kafin 3:30 ba, ba zan tashi ba, don ba zan shiga dajin kudu da injin ɗaya rana na faɗuwa ba. Ya ce in sha Allahu ba za a kai haka ba. Kawu yana zaune a kan benci da carbinsa, lokaci lokaci ya ɗago ya ce, "Ɗana, mi anka ce?" In ce, "Kawu, sun ce shina bisa hanya." Sau huɗu na faɗa wa dattijon nan wannan magana, ashe ƙaryar wani nake isar masa da bakina. Wani ma'aikaci da ya ga halin da muke ciki ya ba da shawarar a sayo fetur ɗin mota a jarka. Na gode masa na ƙi, littafin jirgin bai ba ni wannan izini ba.

Sai bayan la'asar matashin nan ya kira ni da wayarsa ta kansa, muryarsa na rawa. Ya ce yallaɓai ka yafe mini, babu motar da ta taso, ba a ma sayi man ba sai ɗazu, daga wani gari za a ɗauko shi, sai cikin dare zai iso. Nan fa raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa yi ba a harkar jirgi. Da tun ƙarfe 11 na safe aka gaya mini haka, da na nema wa Kawu kujera a jirgin fasinja ko shatar mota mai kyau, ni in kwana da jirgina. Awa biyar suka cinye mini da "yana hanya", har duk wata ƙofa ta rufe. Rashin man ban riƙe su da shi sosai ba, kowa ya san halin avgas. Ƙaryar ce ta cuce ni.

Muka kwana Abuja. Duron ya iso da dare, da safe na tsiyayi man a kwalba na ga shuɗi, na ɗiga a farar takarda ya bushe bai bar maiƙo ba, sannan na yarda aka zuba. Hazo kuma ya riƙe mu har wajen ƙarfe goma. Mun tsallake Binuwai, ƙasa ta koma kore shar, muka sauka Kalaba kusan ƙarfe ɗaya. An ɗaura aure tun 11. Ta waya Kawu ya wakilta limamin unguwa ya ba da auren, yana zaune a bayana cikin ƙarar inji kafin mu tashi. Da muka shiga gidan, amarya ta durƙusa gabansa tana kuka, shi ma ya kasa riƙe hawaye. Bai ce mini komai ba sai "Allah bai nufa ba, ɗana." Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Dawowa ba ni da abin cewa. Matashin nan ya karɓi aikin a hannunsa, ya turo mini hoton kowane duro da tambarinsa kafin in taso, a Kalaba da Abuja duka, komai ya tafi daidai har muka sauka gida. A hanya har na fara ce wa abokina wataƙila na yi musu zafi da yawa, kamfanin da ke da yaro irin wannan bai lalace ba. Na yi niyyar in rubuta cewa a gwada su, a dai sa ido.

Sai ga takardar kuɗi. Sun saka mini kuɗin kwanan jirgi a Abuja, da kuɗin kiran tankar da ban nema ba, da wani ƙari wai na kawo mai cikin gaggawa. Wato ni zan biya kuɗin gyara ɓarnar da suka yi. Na kira babban nasu, ya ce haka tsarin kamfani yake, za a duba. Ko "yi haƙuri" ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba, har rana mai kamar ta yau. Na biya abin da muka yi yarjejeniya tun farko, sauran na ce ba zan biya ba, su kai ni duk inda za su kai ni.

Wanda zai ba su aiki, hanya da yanayi da takardu sun iya, ban hana ba. Amma kada ka bar ƙasa sai ka ga hoton duronka a filin da za ka sauka, da jan tambari, da lambar wanda ke riƙe da makullin wurin, ka kira shi da kanka. Ni dai sun gama da ni. Matashin nan na gaya masa duk ranar da ya bar su ya neme ni. Jiya na je gaida Kawu, na tarar ya sa an ɗaure buhun albasar nan da shinkafa, za a ba direban babbar mota ya kai wa marayu Bogobiri.