Kanari ko aku? Ɗauki kanari

Ɗan'uwa, tunda tsakanin kanari da aku kake wasiwasi, ni dai kanari zan ce ka ɗauka. Namiji, guda ɗaya.

Shi ne a gidana, rawaya mai ɗan duhu a fiffike. Da safe ina yaye ƙyallen da nake rufe kejinsa, sai ya yi miƙa, ƙafa ɗaya da fiffike ɗaya, ya faɗa kwanon wanka ya watsa ruwa ko'ina, sannan ya hau sanda ya fara. Idan ka matso za ka ga gashin maƙogwaronsa ya kumbura yana rawa, bakin kusan a rufe, muryar na gangarowa ba yankewa. Yarana sun gano ƙarar ruwan famfo tana zuga shi, har sukan buɗe da gangan don su ji ya ƙara murya. Wallahi gidan da ke da wannan tsuntsu daban yake.

Hidimarsa kuma ba ta karya mutum. Tsaba, sabon ruwa kullum, ɗan ganye, da sauya takardar ƙasan keji. Kejin ya zama mai faɗi, don kanari gefe zuwa gefe yake tashi, tsawo bai dame shi ba. Ba ya son a riƙa kama shi, ba ya kuma damuwa don ka wuni wurin aiki. Da kulawa yakan kai shekara 8 zuwa 10. Sau ɗaya a shekara zai sauya gashi, ya yi shiru na makonni. Kada hankalinka ya tashi, ka ƙara masa dafaffen ƙwai, waƙar za ta dawo. Ka dai nisanta kejin da wurin girki, domin hayaƙin tukunya mai shafin Teflon (shafin da ke hana abinci kamawa) idan ta yi zafi sosai yana kashe tsuntsu nan take. Fiya (avocado) ma guba ce ga kanari da aku duka.

Aku kuwa, to, yana da wayo, yana kwaikwayon magana, ban musa ba. Amma mai jan wutsiyar nan yakan rayu shekara 40 zuwa 60, kuma kullum yana son sa'o'i tare da kai. Ranar da ka daina ba shi, ihu zai fara, daga nan ya koma fige gashin ƙirjinsa da bakinsa. Ga cizo, ga gaigayar katako, ga farar ƙurar jikinsa da ke tayar wa mai asma. Ba tsuntsun mai farawa ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. A kanari namiji ne ke waƙa sosai, kuma da ido wuya ne ka bambanta shi da mace, shi ya sa ake cusa wa mutane mace a ce "baƙunta yake yi, zai fara". Kada ka biya sai ka ji shi da kunnenka. A aku kuma, tsohon da aka kamo daga daji ake sayarwa da sunan ɗan gida. Dubi idonsa: na ƙarami baƙi ne, na babba ya koma fari-fari mai ruwan rawaya. Tun 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji a duniya, suka amince da hana cinikin aku mai jan wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda kamun ya rage su.

Kowanne ne, idan ka gan shi ya kumbura gashi yana gyangyaɗi a ƙasan keji, ko kashi ya manne masa ƙarƙashin wutsiya, ka bar musu kayansu ko da sun rage maka kuɗi.